“Hutu ya karɓe ki, Hajiya”

Daren da maigidana ya kai ni asibiti, sai da na yi wa babbar 'yata wasiyya kafin mu fita. Na nuna mata inda littafin bashi yake, da sunayen waɗanda nake bi da waɗanda ke bi na a kasuwar Kejetia ta Kumasi. Wajen ƙarfe biyu na farka, ƙirjina na bugawa kamar ana dakan sakwara a ciki, hannuwana sun yi sanyi ƙalau, numfashi ya ƙi kai mini. Na sakankance zuciyata ce za ta tsaya. A unguwarmu Aboabo samun mota a irin wannan lokaci sai da rabo. Wani maƙwabcinmu mai pragya, wato keke mai ƙafa uku, ne ya fito da jallabiyar barcinsa ya kai mu. Watan Mayun 2024 ne, bayan ƙaramar Sallah da 'yan makonni.

Kafin mu isa abin ya fara lafawa. Suka auna jinina, suka manna mini wayoyi a ƙirji suka duba bugun zuciya. Likitan dare ya ce zuciya lafiyarta lau, sai dai jini ya hau, 150 bisa 95, in dawo da safe in yanki kati. Karo na huɗu ke nan da abin ya zo mini, amma ranar ce ta farko da wani ya sani.

Ni 'yar Zango ce, a Kumasi aka haife ni, atamfa da leshi da mayafai nake sayarwa. Da za a yi mini aure siririya ce ni, ban wuce kilo 55 ba. Gwaggona ta ce ba za a kai amarya kamar sillen kara ba, dangin miji za su ce yunwa ake yi a gidanmu. Aka sayo mini wani ruwan magani mai zaƙi na buɗe ciki da wasu ƙananan ƙwayoyi farare, na yi wata biyu ina sha. Kumatu suka fito, wuya ya cika, kowa ya yaba. Daga nan haihuwa uku, kowace ta bar mini nata kason. Sai zaman shago tun takwas na safe har shida na yamma a kan kujera ɗaya, abinci kuma yana zuwa har inda nake.

Duk da haka jikin bai fi ƙarfina ba sai bayan rasuwar Mma a 2021. Ban gama farfaɗowa ba 2022 ta shigo, sidi, kuɗin Gana, ya riƙa faɗuwa, a watan Disamba tsadar kaya ta kai kashi 54 cikin ɗari. Turmin da na sayar da safe, kuɗinsa ba ya sayo mini wani da yamma. Bashi ya hau kaina, barci ya ƙaurace. Sai na samu kaina tsakar dare a kicin, ban kunna fitila ba don kada a gan ni, ina tsaye ina cin sauran tuwo da miyar ayoyo mai sanyi, in ƙara da burodi da madara. Ba yunwa nake ji ba. Akwai wani nauyi da ke zaune mini a ƙahon zuciya, in ciki ya cika dam yakan ɗan sassauta na minti ashirin, sai kunya ta biyo baya, in kwanta ina tsanar kaina. Wani mai kantin magani ya ba ni wasu ƙwayoyi ya ce za su sa ni barci. Sun sa ni kuwa, amma nakan tashi da nauyin kai da kwaɗayin zaƙi.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ni fuskata cika take yi, shi ya sa ba wanda ya tambaya. A gidan biki sai a riƙe mini hannu a ce, “Hajiya, hutu ya karɓe ki, Alhaji yana ƙoƙari.” A tasha kuma wani labarin ne. Ranar da yaron motar haya, trotro, ya dube ni a gaban mutane ya ce da Turanci da yaren Tuwi obolo, wato mai ƙiba, sai ta biya kujera biyu, mota ta ɗauki dariya, na biya, na zauna ina kallon taga har Kejetia. Tun daga ranar na fara ƙirƙiro uzuri. Na daina zuwa suna, na daina zuwa biki, kayan yayi in an kawo sai in biya in ajiye ba ɗinki, don ba na son tela ya zagaya ni da tef. Salla ta koma a zaune saboda gwiwa. Wannan ya fi komai ci mini rai, domin goshina ya yi wata da watanni bai taɓa ƙasa ba.

Da safe na koma asibitin. Katin inshorar lafiyata ya mutu, 'yata ta sabunta shi ta waya da lambar *929#. Bayan dogon layi aka ce in cire takalmi in hau sikeli: kilo 98. Aka jingina ni da bango aka auna tsawo, mita 1.60. Nas ɗin ta danna wayarta ta rubuta 38 a folda. Na tambaye ta mene ne, ta ce lissafin nauyi da tsawo ne da ake kira BMI: a ninka tsawon mutum da kansa, a raba nauyinsa da abin da ya fito. Daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 ya zama ƙibar da likita ke ɗauka a matsayin ciwo.

Na shiga wurin likita da shirin jin faɗa, a ce in rage ci in tafi. Wata matashiya ce, ta duba folda, ta ɗago ta ce da Tuwi, “Mama, yaya barcinki?” Wallahi ban san lokacin da hawaye ya ɓalle mini ba. Ta bar ni na yi mai isata. Ta rubuta gwaje-gwaje, ta ce in zo gobe ban ci komai ba, kuma in tattaro duk wani magani da ke ɗakina a leda in kawo mata, har na gargajiya.

Suga ya fito 6.4. Ta ce bai kai ciwon suga ba, wanda ke farawa daga 7.0 in ba a ci abinci ba, amma ina bakin ƙofarsa. An duba wata halitta da ke maƙogwaro, tayirod, domin in ta yi rauni tana kawo ƙiba da kasala da baƙin ciki a tare. Tawa lafiya take. Da ta zazzage ledar ta ɗaga ƙwayar barcin nan ta ce amitiriftilin ce, maganin ciwon damuwa ne na asali, yana kuma cikin waɗanda ke buɗe ciki su ƙara nauyi, bai kamata a sha shi ba likita bai rubuta ba. Na ba ta labarin fararen ƙwayoyin amarci, ta ce da alama deksametason ne, wanda ke kumbura fuska da ciki, ya tayar da suga da hawan jini, har yanayin zuciyar mutum yakan taɓa. Game da daren wasiyya kuwa, ta ce farmakin fargaba ne: jiki ya buga ƙararrawar haɗari alhali ba haɗarin, yakan kai ƙololuwa cikin 'yan mintuna ya sauka. Sai ta rubuta wata takarda ta ce in kai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa.

“Likita, ni ba mahaukaciya ba ce,” na ce mata.

Takardar nan ta yi mako uku a jakata. A Zango in aka ga mace ta shiga wannan ƙofa, maganar ba za ta tsaya a kanta ba, har auren 'ya'yanta sai ta shafa. Maigidana ma cewa ya yi, “Me kika rasa a gidan nan da za a ce kina da damuwa?” Ba da mugunta ya faɗa ba, ya ɗauka zargin sa ake yi. Na je wurin malaminmu na makarantar dare, ina sa ran ya ce sammu ne ko iska, in huta da takardar. Ya saurare ni, ya yi mini tofi, ya tuna mini addu'ar neman tsari daga damuwa da baƙin ciki. Sannan ya ce, “Hajiya, shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, ai shekarar baƙin ciki ake kiranta a tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Baƙin ciki ba raunin imani ba ne. Ki riƙe addu'a, ki kai takardar.” Shi ne kuma ya yi wa maigidana magana bayan sallar Isha'i.

Ɗakin ƙarami ne, a ƙarshen baranda, benci ɗaya a waje. Na ja mayafi na rufe rabin fuska. Nas ɗin da na samu ɗan Bawku ne, Hausa a bakinsa kamar ruwa, abin da ya fara kwantar mini da hankali ke nan. Ya ɗauko wata takarda mai tambayoyi tara, an rubuta PHQ-9 a samanta, ya ce duk a kan makonni biyun da suka wuce ne, kowace in gaya masa ko babu, ko wasu kwanaki, ko fiye da rabin kwanakin, ko kusan kullum. Ko abubuwan da nake jin daɗinsu da sun daina yi mini daɗi. Ko ina jin zuciyata a karye. Barci. Gajiya. Ci, ko ya ragu ko ya yi yawa. Ko ina ganin na gaza, na ba iyalina kunya. Ko hankalina na tsayawa wuri ɗaya. Nan na tuna sau nawa na ba mai saye canji fiye da kima. Ko na zama mai sanyin jiki ko mai rashin natsuwa har mutane su lura. Da ya zo ta tara ya ajiye biro, ya ce, “Hajiya, kowa nake yi wa wannan tambayar. Kin taɓa jin gara ma a ce ba ki duniya?”

Na daɗe shiru. Ban taɓa nufin yi wa kaina wani abu ba, ina tsoron Allah. Amma dare nawa na kwanta ina cewa da Allah zai ɗauke ni cikin barci da kowa ya huta. Na faɗa masa. Bai zaro ido ba, bai yi salati ba, ya yi mini wasu tambayoyin a natse, ya ce in wannan tunani ya taɓa yin ƙarfi kada in jira ranar da aka ba ni, in taho ko in gaya wa wani a gida nan take. Makina ya tashi 17 cikin 27. A takardar fargaba, mai tambayoyi bakwai, 14 cikin 21.

Sai ya juya bayan folda ya zana da'ira, kuma wannan zanen ne ya sauya mini yadda nake kallon jikina. Ya ce mutum in yana cikin tashin hankali na dogon lokaci, jikinsa na yawan fitar da wani sinadari, kotisol, mai sa kwaɗayin zaƙi da maiƙo, mai tara kitse a ciki. Rashin barci kuma yana rikita sinadaran da ke gaya wa mutum ya ji yunwa ko ya ƙoshi, sai na yunwa ya rinjaya. Mai baƙin ciki ba ya son motsi, abinci ne abin lallashi mafi kusa da hannunsa. Wannan rabin da'irar ke nan. Ɗaya rabin, kitsen da ya taru ba zaune yake kawai ba, yana sakin abubuwan da ke hura wani kumburi na ɓoye a jiki, wanda masana ke dangantawa da ciwon damuwa. Ƙiba na kawo minshari da ɗaukewar numfashi cikin barci, mutum ya kwana bai huta ba. Ga ciwon gwiwa, ga gori, ga ɓuya a ɗaki. Ya ɗora biro inda layin ya haɗe ya ce, “Kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa.”

Ya gaya mini wani nazari da masana a ƙasar Holan suka fitar a 2010, inda suka haɗa bincike 15 da aka bi mutane shekara da shekaru: masu ƙiba sun fi sauran haɗarin kamuwa da ciwon damuwa da kashi 55 cikin ɗari, masu ciwon damuwa kuma sun fi haɗarin yin ƙiba da kashi 58. A nan Gana, binciken lafiyar jama'a na 2022 ya nuna rabin matan da ke tsakanin shekara 20 da 49 nauyinsu ya wuce kima. Da na ji haka sai layinmu na kasuwa ya faɗo mini a rai, mata nawa muke zaune a jere, da wace ce a cikinmu ke tsayuwar kicin da dare. Ba ina cewa duk mai jiki tana da damuwa ba. Ina da ƙawa da ta fi ni cika, zuciyarta fes. Wasu kuma damuwa ramar da su take yi. Abin da ke ba ni takaici shi ne, wadda ta rame ana tambayarta lafiya, wadda ta kumbura sai a yi mata barka.

Na ce masa to a ba ni maganin rage ƙiba. Ya ce a'a, da barci da zuciya za a fara, domin wadda ba ta iya tashi ta yi wanka da daɗin rai ba za a ce ta auna tuwo ba. Likita ta janye ni daga ƙwayar kantin magani a hankali, ta sa ni a kan fuluwoksetin, maganin ciwon damuwa, ƙwaya ɗaya da safe, wanda bai cika ƙara nauyi ba, da maganin hawan jini. Suka ce ba zan ga aikinsa ba sai bayan mako biyu zuwa shida, kuma farkonsa da ɗan wuya. Gaskiya suka faɗa. Kwana goman farko tashin zuciya, ciwon kai, gabana ma ya ƙara faɗuwa. Saura ƙiris in watsar. Nas ɗin ya koya mini yadda zan yi in abin ya taso: in zauna, in ja numfashi ta hanci a hankali, in sake shi ta baki ya fi na jan tsawo, ina gaya wa kaina an duba zuciyata, wannan zai wuce. Ni da tasbihi nake haɗawa.

A mako na biyar wata safiya na ji kaina ina ciniki da wata mata 'yar Tafo a kan leshi, muna ja-in-ja har muka yi dariya. Bayan ta tafi na zauna ina mamaki, na manta rabon da in ji muryata haka. A satin na aika aka kira mai kitso.

Sikeli kuwa bai motsa ba har wata biyu, ga naman babbar Sallah ya shigo tsakani. Sai a lokacin aka tura ni wurin mai ba da shawarar abinci. Na zata za ta lissafo mini kayan Turawa da ba zan iya saye ba. Sai ta tambayi abin da nake ci tun safe. Koko da suga cokali huɗu, ƙosai da pinkaso. Da hantsi waakye, wato shinkafa da wake, da taliya da gari da ƙwai da ganda da shito. Lemun kwalba biyu ko burkina. Da dare tuwon zafi. Ba ta hana ni ko ɗaya ba in ban da lemun kwalba. Ta zana faranti ta raba: rabi ganye, kwata nama ko kifi ko wake, kwata tuwo ko shinkafa, gwargwadon dunƙulen hannuna. Waakye ya zauna, amma ko taliya ko gari, ba duka ba, a cika kabeji da latas. Miyar ayoyo da kontomire da kuɓewa a yawaita, a rage manja. Zoɓo in dafa da kaina da citta, suga kaɗan. Ta ce kada in sa wa raina komawa kilo 55. In na sauke kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyina, jini da suga da gwiwa duk za su shaida.

Tafiya da minti goma na fara, bayan Asuba, da hijabi da takalmin makarantar 'yata, kafin titi ya cika da idanu. Daga Aboabo in nufi Asawase in juyo. Wata maƙwabciyata mai ciwon suga ta bi ni, sai abin ya zama da hira. Yanzu minti talatin muke yi, kwana biyar a mako, wato minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa. Wata Asabar ɗin mukan kai har wajen filin wasa na Baba Yara. Abin da na lura, tun kafin kilo ɗaya ya sauka, ranar da na yi tafiya na fi samun barci, ranar da na yi barci kuma ba na leƙa kicin.

A watan Oktoba na yi kuskure. Na ji sauƙi, ƙanwata kuma tana ta ce mini maganin ƙwaƙwalwa in an saba da shi ba a rabuwa, ga kuɗinsa. Na daina sha ban gaya wa kowa ba. Cikin 'yan makonni jiri, saurin fushi, kuka ba dalili, na koma tsayuwar dare, kilo biyu suka dawo. Na koma ɗakin ƙarshen baranda kaina a ƙasa. Nas ɗin ya ce, “Sannu da dawowa, Hajiya,” ya jawo mini kujera. Ya bayyana mini cewa ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, in za a daina kuma likita ne ke ragewa sannu a hankali. Shi ya ba ni labarin cewa daga Nuwamban 2024 inshorar lafiya ta ƙasa ta shigar da ciwon damuwa da na fargaba cikin abin da take ɗauka.

Azumin 2025 da shawarar likita na yi shi, ƙwayar ta koma lokacin sahur. Buɗa-baki ne gwajin, domin a gidanmu tabarma cika take. Na riƙe dabino da ruwa da koko, in yi Magariba, sannan in ci faranti ɗaya. A daren ashirin da bakwai na gwada sauka ƙasa. Gwiwa ta yi ƙara, na dafa bango, amma goshina ya taɓa darduma. Na daɗe a sujadar nan.

Zuwana na ƙarshe sikeli ya nuna 89, jini 130 bisa 85, suga 5.6, tambayoyi taran nan kuma maki 6. Har yanzu ina cikin masu ƙiba a lissafin asibiti, har yanzu ina shan magani, kuma akwai ranakun da nauyin nan ke dawowa ƙirjina, musamman in kwanan rasuwar Mma ya zagayo. Maigidana ya ce minsharin ya ragu. Shi ke tuna mini ranar asibiti yanzu.

Makon jiya na je Sawaba gidan ƙanwata, ana shirin auren 'yarta. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce, “Hajiya, kin faɗa, lafiya dai ko?” Na ce lafiya lau, Inna. Da na shiga ɗakin amarya zan ajiye mayafi, sai ga kwalbar ruwan maganin nan mai zaƙi a kan madubi, an sha kusan rabi, da ƙullin fararen ƙwayoyi a gefe. Na kira ƙanwata na rufe ƙofa, na ba ta labarin kicin, da wasiyya, da tambaya ta tara, abin da ban taɓa gaya mata ba. Ta yi shiru tana murza bakin zaninta, can ta ce, “Yaya, to dangin mijin fa?” Na ce su zo su same ni. Yarinyar tana zaune a bakin gado, lalle a ƙafa, tana kallonmu. Na sa kwalbar da ƙwayoyin a jakata, na ce ranar Talata ta shirya da wuri, tare za mu je a auna mata jini da suga.